Muhawara: Shin Ya Kamata Ƙa'idojin Hukumomin Gwamnati Su Jira Amincewar Majalisa Kafin Su Fara Aiki?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Abin da na tsaya a kansa shi ne wannan: duk wata ƙa'ida da hukumar gwamnatin tarayya za ta fitar, matuƙar za ta ɗora wa jama'a biyan kuɗi ko ta hana su wani abu da suka saba yi, bai kamata ta fara aiki ba sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta duba ta, ta kaɗa ƙuri'a, ta amince. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon yin doka a hannun Majalisa, amma dokokin da suka fi taɓa aljihunmu a 'yan shekarun nan ba daga zaurenta suka fito ba. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma kafin makon ya ƙare Ministar Kuɗi, Zainab Ahmed, ta shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Janairun 2025 kuma hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a waɗannan takardu da talaka ya zaɓa, babu kuma wanda zai iya kayarwa ranar zaɓe.

Barista Aminu: Wa alaikumus salam, Malam. Ina tare da kai a kan ciwon, amma ban yarda da maganin ba, kuma ina ganin ka ɗora laifin a inda ba nan ya faro ba. Babu hukumar da take ƙirƙirar wa kanta iko. Ikon da NERC ta yi amfani da shi yana cikin Dokar Wutar Lantarki ta 2023, ikon da NCC ta yi amfani da shi yana cikin Dokar Sadarwa ta 2003, ikon janye takardun kuɗi kuma yana cikin sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007, wanda ya ce bankin zai iya yin hakan bisa umarnin Shugaban Ƙasa bayan ya ba da wa'adi mai ma'ana. Duk waɗannan dokoki Majalisa ce ta rubuta su da hannunta. Ita ce ta zaɓi ta ce "wa'adi mai ma'ana" ba tare da ta faɗi wata nawa ba ne, ita ce kuma take rufe kusan kowace doka da sashen da ke cewa hukumar za ta iya yin ƙa'idojin da ta ga sun dace, ba tare da ta wajabta a dawo mata da su ba. Wanda ya ba da iko babu sharaɗi, bai dace ya dawo daga baya yana mamakin yadda aka yi amfani da shi ba.

Hajiya Binta: Barista, ka yi magana irin ta masu ilmi, amma ni ina so mu tuna abin da idon kowa ya gani a watan Fabrairun 2023. Mutane suna fita tun kafin asuba su rubuta lamba a gaban na'urar cire kuɗi, rana ta take, a ce kuɗi sun ƙare. Masu POS suna cire dubu ɗaya ko fiye a kan kowace dubu goma, wato mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa. A kasuwannin ƙauye farashi ya rabu biyu, na mai tsabar kuɗi daban, na mai turawa ta waya daban, kuma manomin da ba shi da asusun banki ya riƙa karyar da hatsinsa ga duk wanda ya nuna masa takarda a hannu. A cikin wannan hali Majalisar Dattawa da ta Wakilai duk sun nemi a ƙara wa'adin da watanni, amma abin da aka bayar kwana goma ne kacal, daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. Kwamitin da Alhassan Ado Doguwa ya jagoranta ya yi ta aika gayyata, sai da Kakakin Majalisa Femi Gbajabiamila ya yi barazanar ba da sammacin kamu kafin gwamnan bankin ya bayyana. Daga ƙarshe ma ba wakilanmu ba ne suka warware matsalar. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. To, in da tun farko an san cewa sai Majalisa ta amince, da wa zai kawo wa'adin da ya faɗo daidai lokacin da manoma ke sayar da amfanin gona, ana saura makonni a yi babban zaɓe? Ina goyon bayan Malam Sani.

Barista Aminu: Hajiya, abin da kika kawo shi ne ainihin gurbin da nake nufi. Abin da majalisun biyu suka yi a lokacin ƙuduri ne, ƙuduri kuwa ba doka ba ne. Ɗan majalisa ya miƙe ya gabatar da batun gaggawa, wani ya mara masa baya, a yi jawabai na rabin sa'a, shugaba ya tambayi masu amincewa da masu ƙi, ya buga guduma, a umarci kwamiti ya kawo rahoto cikin makonni huɗu. Washegari jaridu su buga cewa Majalisa ta ba da umarnin dakatarwa, alhali takardar da aka aika wa hukumar shawara ce kawai a idon shari'a. Haka aka yi a kan kuɗin wuta a 2024, haka aka yi a kan kuɗin kiran waya a Fabrairun 2025, kuma a duka biyun ƙarin bai tsaya ba. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba Majalisa ikon bincike da gayyata da sammaci, amma domin abu biyu ne: ta samu bayanin da za ta yi doka ko ta gyara doka da shi, da kuma ta fallasa cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci. Babu inda suka ba ta ikon soke ƙa'ida da guduma.

Malam Sani: Ai ka ƙarfafa maganata ne, Barista. Idan ƙuduri ba ya ɗaure kowa, sai a yi dokar da za ta sa amincewar Majalisa ta zama sharaɗi.

Injiniya Kabiru: Malam, ka yi haƙuri, ni a nan nake jin tsoro, kuma tsoron nawa iri biyu ne. Na farko na aiki ne. Kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace majalisa zaman kwana 181 ne a shekara, kuma kowa ya san dogon hutun da suke tafiya daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Hukumomi kuwa ba sa hutu. Idan NAFDAC ta gano wani maganin tari na yara da ke ɗauke da guba, ko hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ga dole a dakatar da wani nau'in jirgi, wannan hani ne a kan abin da mutane suka saba yi, kuma a ƙarƙashin shawararka sai ya jira sanatoci 109 da wakilai 360 sun dawo. Ko farashin wuta da ake magana a kansa, lissafinsa ya rataya ne a kan canjin dala da kuɗin iskar gas da hauhawar farashi, shi ya sa a watan Mayun 2024 NERC ta sauke na rukunin A zuwa naira 206.80 lokacin da naira ta ɗan farfaɗo. Abin da ke motsi wata-wata ba zai yiwu a kai shi zauren da ƙudirin doka ke kwana shekaru ba.

Tsoro na biyu ya fi nauyi. Ana magana kamar a ce Majalisa ita ce talaka, alhali ita ma tana da nata muradun. Ku tuna watan Yulin 2021, lokacin da ake gyaran dokar zaɓe. Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a, 52 da 28, cewa INEC ba za ta aika sakamakon zaɓe ta na'ura ba sai NCC ta tabbatar da wadatar sabis, sannan Majalisa ta amince. Wannan shi ne ainihin tsarin da kake nema, Malam, wato ƙa'idar hukuma ta jira sahalewar Majalisa, kuma a ranar da aka gwada shi an gwada shi ne domin waɗanda za su tsaya takara su riƙe wuyan hukumar da za ta ƙirga musu ƙuri'a. Sai da jama'a suka tayar da jijiyar wuya kafin sanatocin suka janye wannan sharaɗi a watan Oktoba na shekarar. Ga kuma abin da ya faru a binciken tallafin man fetur na 2012, inda shugaban kwamitin, Farouk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 domin a cire sunan wani kamfani daga rahoto, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2024. Idan ikon bincike kaɗai ya iya zama haja, yaya ikon hana ƙa'ida fara aiki zai zama? Kowane kamfanin da ba ya son a sa masa ido zai san ƙofar shugaban kwamitin da zai ƙwanƙwasa.

Hajiya Binta: Injiniya, ba wanda ya ce 'yan majalisa waliyyai ne. Amma ɗan majalisa yana da gida a mazaɓarsa, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ana tare shi a gaya masa magana, bayan shekara huɗu kuma ana iya mayar da shi gida. Shugaban hukuma fa? Yawancinmu ko sunansa ba mu sani ba sai ranar da takardarsa ta fito.

Barista Aminu: Akwai misalin da ya kamata ya sa mu duka mu yi tunani, Hajiya, domin ya nuna cewa wucewa ta Majalisa ba ta tabbatar da cewa an karanta abu. A ranar 6 ga Mayu, 2024, Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire kashi 0.5 cikin 100 a kan hada-hadar kuɗi ta intanet da sunan harajin tsaron intanet. Ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Wakilai ta nemi a janye takardar, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin dakatarwa, bankin ya janye kafin watan ya ƙare. To amma wannan adadi ba bankin ne ya ƙago shi ba. Yana cikin gyaran dokar laifukan intanet da majalisun biyu suka zartar, aka sa wa hannu a watan Fabrairun shekarar, wato ƙasa da wata uku kafin rikicin. Wakilan sun kafa hujja da cewa jadawalin dokar ya lissafa kamfanoni ne, irin su bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora, ba ɗaiɗaikun masu asusu ba, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai duk wanda ya san kasuwa ya san cewa kamfanin da aka ɗora wa haraji a kan kowace hada-hada, abokin cinikinsa zai ɗora wa. An yi karatu na ɗaya da na biyu da na uku, babu wanda ya tsaya a kan wannan tambaya. Irin haka ya sake faruwa a Fabrairun 2025 da kashi 4 cikin 100 da hukumar kwastam ta fara karɓa a kan darajar kayan da ake shigowa da su, wanda shi ma yana cikin dokar kwastam ta 2023, aka dakatar da shi bayan masu masana'antu da 'yan kasuwa sun yi ca. A duka misalan biyu, abin da ya tsayar da ƙa'idar shi ne jama'a sun ji, sun yi magana. Matsalar ita ce sun ji ne bayan an riga an fara.

Alhaji Mamuda: Jama'a, ku ba ni dama in kawo abin da muke da shi a nan Ghana, ni da nake Kumasi, domin akwai hanya tsakanin maganar Malam Sani da ta Injiniya, kuma mun daɗe muna bin ta. Sashe na 11, sakin layi na 7, na kundin tsarin mulkinmu na 1992 ya ce duk wata ƙa'ida ko umarni da wani mutum ko hukuma za ta yi bisa ikon da doka ta ba ta, dole a ajiye ta a gaban majalisa, a buga ta a jaridar gwamnati a ranar da aka ajiye ta, sannan ba za ta fara aiki ba sai bayan kwanakin zama 21, sai fa idan kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa sun soke ta kafin lokacin. Kun ga ba a jiran amincewa, amma kuma ba a yin ba-zata. Amfanin wannan ya fito fili a watan Yulin 2024, bayan an ajiye gyaran ƙa'idar zirga-zirgar ababen hawa da zai ba ministoci da 'yan majalisa damar sa jiniya a motocinsu, su kuma wuce iyakar gudu. Da yake takardar tana ajiye, 'yan jarida suka karanta, mutane suka fusata, gwamnati ta janye ta kafin ta nuna. Amma ba zan ɓoye muku rauninsa ba. Tara kashi biyu cikin uku abu ne mai wuyar gaske a majalisar da jam'iyyu biyu suka raba, majalisa kuma ba ta da ikon gyara ko kalma ɗaya, sai dai ta bari ko ta soke gaba ɗaya. Ta wannan hanya ce ƙa'idar da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun dazuzzukan da aka keɓe ta wuce a 2022, kwanakinta suka cika shiru, daga baya aka yi ta kiraye-kirayen a soke ta lokacin da ɓarnar masu haƙar zinare ta fito a ruwan koguna.

Malam Sani: Na gode, Alhaji, amma misalinka na biyu shi ne dalilin da ya sa nake cewa shiru bai isa ya zama amincewa ba. Inda shiru yake wadatarwa, mai son ƙa'ida ta wuce abin da zai yi kawai shi ne ya tabbatar ba a yi magana ba. Ni ina so kowane ɗan majalisa ya ɗaga hannu a gani, a rubuta sunansa, domin gobe in an zo yaƙin neman zaɓe a tambaye shi. Zan iya ware abin da ya shafi ceton rai da gaggawa, kamar misalin NAFDAC da Injiniya ya kawo, a bar shi ya fara aiki nan take, a kawo shi Majalisa daga baya. Zan iya ware INEC, tunda kundin tsarin mulki da kansa ya ba ta 'yanci. Amma duk abin da ya shafi sabon haraji ko sabon caji da hukuma za ta karɓa ta zuba a asusunta, a nan ba na sassautawa.

Barista Aminu: Alhaji ya kawo tsari mai kyau, amma a lura cewa na Ghana a cikin kundin tsarin mulki yake, namu kuwa babu irin wannan sashe. Tsarin shugaban ƙasa da muke bi tun 1979 daga Amurka aka ɗauko shi, kuma can sun riga sun yi wannan shari'a. Majalisarsu ta shafe shekaru tana sa wa dokoki sharaɗin cewa zaure ɗaya zai iya soke matakin hukuma da ƙuduri, har Kotun Ƙolinsu ta rushe wannan a shari'ar Chadha a 1983, bisa hujjar cewa duk abin da yake da ƙarfin doka dole ya bi ta majalisun biyu, ya je teburin shugaban ƙasa. Sai a 1996 suka yi dokar da ta wajabta wa hukumomi aika wa majalisa kowace ƙa'ida, ta ba majalisa kimanin kwana 60 ta soke ta ta hanya mai sauri, amma da sa hannun shugaban ƙasa. Sakamakon shi ne sau ɗaya tak aka yi nasarar amfani da ita kafin 2017, wato a 2001, domin da wuya shugaba ya sa hannu a soke ƙa'idar gwamnatinsa. Tana aiki ne idan mulki ya sauya hannu. Ina kyautata zaton duk dokar da ta ba Majalisarmu ikon soke ƙa'ida da ƙuduri kaɗai za ta gamu da irin wannan ƙalubale a ƙarƙashin sashe na 58 na kundin tsarin mulkinmu, wanda ya tsara yadda ake yin doka. Abin da na tabbata babu mai iya ƙalubalanta shi ne Majalisa ta sa sharuɗɗa a kan ikon da take bayarwa: a buga daftarin ƙa'ida a fili, a ba jama'a wa'adin faɗin ra'ayi, a ajiye ta gaban majalisun biyu, kada ta fara aiki sai bayan kwanaki ƙayyadaddu, kuma duk wadda ba ta bi waɗannan matakai ba kotu ta ɗauke ta a matsayin babu ita. A kan kuɗi kuma, Malam, hanya mafi tsabta ita ce Majalisa ta rubuta iyakar adadin a cikin dokar kanta, ta yadda hukuma ba za ta haura shi ba sai ta dawo neman gyara.

Injiniya Kabiru: Wannan zan iya zama da shi, da sharaɗi ɗaya. Ajiye takarda a gaban mutanen da ba su da masu karanta musu ita ba zai haifar da komai ba. Jadawalin farashin wuta shafuka ne na lissafi, kuma idan kwamitin ba shi da nasa akawu da injiniyoyi da lauyoyi na dindindin, waɗanda ba sa tafiya idan zaɓe ya kayar da shugaban kwamitin, to daga bakin hukumar da yake sa wa ido zai riƙa jin bayani, a motarta kuma zai je ziyarar gani da ido. Dokar Babban Banki ta 2007 ta riga ta wajabta wa gwamnan bankin bayyana a gaban Majalisa sau biyu a shekara. Wannan dama tana nan tun kafin 2022, kuma ba ta hana abin da Hajiya ta bayyana ba.

Hajiya Binta: To, ko wa'adin kaɗai aka samu, an rage wani abu. A ranar 6 ga Disamba, 2022, Babban Banki ya ƙayyade cire kuɗi zuwa naira 100,000 a mako ga mutum ɗaya, da naira 20,000 a rana a wurin mai POS, sai ga shi a ranar 21 ga watan an mayar da na mako naira 500,000. Abin da ya sa aka samu damar gyarawa shi ne an sa ranar fara aiki a 9 ga Janairu, wato akwai wata guda a tsakani, dillalan hatsi da na dabbobi da masu POS suka samu lokacin yin magana. Amma wannan wata gudan alfarma ce aka yi mana, ba haƙƙi ba. Ina so ya zama haƙƙi, kuma a buga daftarin da Hausa da sauran manyan harsunanmu, a karanta a rediyo, domin mai sayar da shanu a kara ba ya karanta jaridar gwamnati.

Malam Sani: Ni har yanzu ina kan cewa a kan sabon caji sai an kaɗa ƙuri'a a fili. Amma ko dokar da Barista ya zayyana aka ce za a yi, akwai tambayar da ba mu amsa ba. Doka ce da za ta rage wa ɓangaren zartarwa sauri da iko, kuma teburin Shugaban Ƙasa za ta je neman sa hannu. Idan ya ƙi, sashe na 58 ya ba Majalisa damar tsallake shi da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, kamar yadda ta yi wa Obasanjo a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, a shekarar 2000. Barista, a majalisar da jam'iyyar shugaba take da rinjaye a zaurukan biyu, daga ina kake ganin waɗannan ƙuri'u za su fito?

Barista Aminu: Ba na ganin za su fito a dunƙule, Malam, shi ya sa ba na jiran babbar doka guda ɗaya. Kowace shekara ɓangaren zartarwa da kansa yana aiko da ƙudirorin da yake matuƙar buƙata, na kafa sababbin hukumomi da na gyaran dokokin tsofaffi, kuma kowannensu yana ɗauke da wancan sashe na ikon yin ƙa'idoji. A nan ne kwamiti zai iya saka sharaɗin bugawa da ajiyewa da wa'adi da iyakar adadi, doka bayan doka, domin shugaban da yake son hukumarsa ta kafu ba zai mayar da ƙudirin saboda sakin layi ɗaya ba. Ana kuma kiran zaman jin ra'ayin jama'a a kan waɗannan ƙudirori, ana sanar da ranarsa a jaridu, ana karɓar takardar shawara daga kowace ƙungiya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da na masu POS suna iya rubuta shafi biyu a kan wannan sashe kaɗai su miƙa, su kuma nemi wakilin mazaɓarsu ya tsaya a kansa ranar da ake bin ƙudirin sashe bayan sashe.